Koren Maɗauri a Ƙofar Masallaci

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun da kuka zauna kuke ɗaukar hoton wuƙata, sai ka ce ita za ta koya muku sana'ar. Kun dawo Umdurman kun tarar da tsofaffin tayoyi a kowane lungu, kuka ce za ku buɗe sharika, wato kamfani, ku mayar da su takalma, kuma wallahi na ji daɗi. Amma ɗayanku ya ce mini a mako guda zai iya, wai ai yanka ne kawai a maƙala igiya. To madalla. Ga taya can jingine da bango, ga wuƙa. Wanda ya ciro mini tafin takalmi ɗaya kafin shayin nan ya huce, gobe ni zan riƙa yi masa shara. Babu mai tashi? Dama na sani. Ku gyara zama. Labarin yaƙi da abin da ya yi wa kasuwa ba na yau ba ne, wanda zan ba ku ya riga shi faruwa.

Sunana Abakar, amma a Kasuwar Umdurman Usta Abakar Lastik ake ce mini, don lastik shi ne taya a bakin mutanen nan, usta kuma gwanin sana'a. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya iso bakin Nilu ya ga ruwa, ya kuma ga wata mai tallan gyaɗa, to ga mu nan har yau. Sana'ata takalmin taya, wanda Larabawa suke kira tamut tahalli, wato ka mutu ka bar shi. Sunan gaskiya ne, kuma shi ne babban ciwon aikin. Mai shayi tana ganin mutanenta kullum, tela yana ganin nasa duk salla, ni kuwa in na sayar wa mutum takalmi sai dai mu yafi juna. Wani ma ɗansa ne yake zuwa bayan shekaru, wai a rage masa tsawon na marigayi.

Tayar farko da na sa wa hannu ta wata tsohuwar lori ce mai zirga-zirgar yamma, a rumfar Kawu Idirisa, ƙanin mahaifiyata, can bayan layin maƙera. Kafin ya yarda na taɓa wuƙa sai da na wanke tayoyi har tafin hannuna ya koma launinsu. Kawu ba ya sayen taya sai ya zura hannu cikinta ya shafa, ya murɗa gefenta ya kara kunne. Waya yake nema. Taya mai zaren nailan ita ce tamu, ta lori ko ta tarakta. Mai waya a ciki ta cinye wuƙa ta cinye yatsa, in kuma ka yi taurin kai ka yi takalmi da ita, wata rana sai ta soki mai shi a tsakiyar kasuwa, ya zo yana ɗingishi yana ambaton kakanninka ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da ya miƙo mini wuƙar na ɗauka aikin ƙarfi ne. Na danna, na yi nishi, na jiƙe da gumi, wuƙa ta tsaya cak kamar jakin karo, mai jan amalanke, da ya hango gada. Kawu yana shan jabanarsa, wato gahawa, yana kallona. Da ya ga na kusa kuka sai ya turo mini gwangwanin ruwa da ƙafa.

"Jiƙa ta, ya walad," in ji shi. "Roba ba ta barin busasshen ƙarfe ya wuce. Kuma ka buɗa bakin yankan da ɗaya hannun, kada ka bari ya haɗe."

Na jiƙa, na buɗa, wuƙa ta bi jikin taya sumul. Murna ta kama ni. Na zare gefe biyun, na datse zoben ya zama dogon ɓawo, na taka kai ɗaya na ja ɗaya kan don a danne da duwatsu a rana. Sai na ɗaga ƙafa don in juya in ga ko Kawu yana kallon gwanintata. Taya ta naɗe da ƙarfi ta make ni a ƙugu, ta watsa ni cikin faifan wata mai sayar da barkono. Na tashi ina atishawa, matar tana zagi, Kawu yana dariya har jabana ta sarƙe shi.

Abin da za ku riƙe shi ne, taya ba ta manta lanƙwasarta, ko ta shekara ƙarƙashin dutse. Don haka ba a faɗa da ita. Kana zana ƙafar mutum da alli, sai ka daidaita yadda lanƙwasar za ta ɗan ɗaga yatsu da diddige sama. In ka juya ta, bakin takalmin zai riƙa cakar ƙasa, mai shi ya riƙa tuntuɓe a fili fetal, mutane su ce ya fara shan wani abu. Daga nan sai a fere kauri, a huda wurin maɗauri, a zura, a buga ƙananan ƙusoshi a kan ƙarfe don bakinsu ya lanƙwashe ya koma cikin roba. Ƙusa ɗaya ta tsaya a miƙe, to ka shirya karɓar baƙo.

Mutanena a lokacin su ne masu raƙuma, masu karo, manoma, da masu ɗaukar bulo a wurin ƙona jan bulo na bakin kogi. Kowa da zanen da yake so a ƙasan tafin. Wani mai karo ya nace sai na tarakta, mai manyan haƙora, don a san namiji ya wuce. Na yi masa. Ba a jima ba ya dawo yana roƙon in aske haƙoran. Ashe ya ce wa matarsa masallaci za shi, ita kuwa ta bi sawun tarakta a cikin rairayi, sawu ya wuce masallaci ya yi kwana, ya tsaya a inda ake buga dumna, wato wasan domino. Na aske masa, amma matar ta riga ta gane hanya.

Mummunar shekara ba rana ɗaya ta zo ba. Da farko silifa ce ta shigo buhu-buhu, mai launi, mara nauyi, matasa suka ruga gare ta. Sannan motoci suka koma taya mai waya, tamu ta yi wuya. Sai kuma ga shekarar zanga-zanga, lokacin da yara suke tare titi suna ƙona tayoyi. Ni ban san abin da ya fi ba ni ciwo ba, hayaƙin ko asarar. Wata rana na hango sun mirgino tayar tarakta mai nailan, lafiyayya, wadda za ta ba ni takalman layi guda. Na yar da fatur ɗina, wato karin kumallona, na bi su a guje, jallabiya a haƙori.

"Ya shabab, ku dubi Allah!" nake ihu. "Wannan ba ta ƙonawa ba ce!"

Suka ɗauka taken zanga-zanga nake rerawa, suka amsa mini da tafi. Kafin in yi bayani aka harbo barkonon tsohuwa, kowa ya watse, aka bar ni ni da tayar. Na koma gida ido jajir ina hawaye ina mirgina ta, maƙwabta suka fito suna ce mini jarumi. Dariya ce yanzu, amma a shekarar ina wuni ban sayar da ƙafa ɗaya ba. Gyaɗar da matata Hajara take soyawa ita ta riƙe gidan. Har na fara neman wanda zai karɓi rumfar Kawu, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

A cikin wannan hali Nafisa ta zo. 'Yar yayana ce, a unguwar Kalakla suke zaune, ta gama jami'a ba ta sami aiki ba. Ta sauko daga raksha, wato a-daidaita-sahu, da ƙawayenta, ta gaishe ni, ta ɗauki takalmi ɗaya tana jujjuyawa.

"Baffa," ta ce, "ka san kai mai kare muhalli ne?"

"Ni? Wa ya kai ƙarata? Ban taɓa yi wa kowa komai ba."

Ta yi dariya ta zauna a kan taya ta yi mini bayani. Tayar da aka yar, in damina ta zo, ruwa take tarawa sauro ya hayayyafa. Wadda aka ƙona kuwa ƙirjin yara take shiga. Duk wadda na yanka na raba ta da waɗannan biyun. Ta ce yanzu akwai masu saye a Hartum, har da ƙetare, da ba sa tsayawa ga kyan abu kawai, sai sun tambayi wa ya yi shi, an biya shi haƙƙinsa ko an cuce shi, me aka ɓata kafin a same shi. Su kuma sun haɗa 'yar sharika a kan wannan, da alkawari ɗaya: duk wanda ya sayi takalmi, za a yi wani a ba mabuƙaci. Sun sami wata mai babban shago a tsallaken kogi, Sitt Amal, ta yarda ta ba su kanta guda saboda alkawarin. Na ce to, shekara da shekaru ina kare muhalli babu wanda ya gaya mini, da na sani ai da na yi rawani.

Aikin farko da muka yi tare ya sauya mini rumfa. Nafisa ta kawo safar hannu ta ce dole in sa, na sa na kasa jin bakin wuƙa, muka yi sulhu a kan hannun hagu kawai. Ta ɗora farantin hasken rana a kan rufi, ga fanka tana juyawa ko an ɗauke wuta, masu layin suka riƙa zuwa gaishe ni da rana tsaka, gaisuwar da ba ta ƙarewa. Guntayen roba da nake zubarwa ta sa aka riƙa tarawa a buhu, wasu suna niƙawa su shimfiɗa a filin wasan yara. Ɗinkin maɗauri kuma ta raba wa matan unguwar Umbadda, waɗanda ambaliya da fari suka koro daga ƙauyukansu, suna yi a gida ana sallamarsu ranar da suka kawo.

Sai masu saye suka fara son tarihin taya. Wata baiwar Allah mai tabarau ta tambaye ni daga wace mota tafinta ya fito. Na dube ta na ga tana son labari, na ce lori ce da ta ratsa sahara ta yi faɗa da kura. Ta riƙe baki. Nafisa ta ja ni gefe.

"Baffa, haram. Duk cinikin nan a kan gaskiya ya tsaya. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba."

"To ai kurar ƙarama ce."

"Baffa!"

Daga ranar na koma cewa daga wurin mai faci na ɗauko ta, kuma abin mamaki, hakan ma burge su yake yi.

Yanzu ga inda labarin yake. Takalman sayarwa maɗaurin fata muke sa musu, jemammiya da bagaruwa. Na kyauta kuwa muka sami tsohon tamfol na lori, kore shar, mai ƙarfi, ba ya jin ruwa ba ya jin rana. Ga ma'aikaci ma ya fi fatar. Na yaba, Nafisa ta yaba, ƙawayenta suka ce a hoto zai fito da kyau. Takalmin taya sai an gwada ƙafa, don haka muka bi Umbadda gida-gida da alli da kwali ina zana tafin magidanta, da muka gama kuma muka sake bi muka kai wa kowa nasa. Aka yi ta godiya, aka shayar da mu shayi har cikina ya riƙa ƙara in na taka.

Juma'ar da ta biyo na ce a masallacin Umbadda zan yi salla. Na sa farar jallabiya, na tafi ina ta murmushi, don na san zan tarar da ƙofa kore shar, in tsaya a gefe mutane su riƙa nuna ni. Na isa na duba. Ga markub na 'yan kasuwa, wato takalmin fata na ado, ga silifu tsinkakku da aka ɗaure da waya. Kore ko ɗaya babu. Na zagaya ɗaya ƙofar, haka. Huɗubar ranar ban san me aka ce ba.

Da aka idar na biyo wani lungu, sai na hango Malam Haruna. Dattijo ne dogo, manomi daga wajen Shuɗin Nilu, ruwa ya cinye masa gona da rumbu, ya zo birni yana ɗaukar bulo. Ni na zana ƙafarsa da hannuna. Yana tafe babu takalmi a kan rairayin azahar, wanda ko jaki ba ya son takawa, yana ɗan tsalle-tsalle daga inuwa zuwa inuwa. Da ya yi nisa da jama'a ya waiga, ya zura hannu bayan wani tulin bulo ya ciro takalmina ya sa. Na yi gyaran murya. Ya ga na gani.

"Malam, ƙusa ce ta soke ka?" na tambaya. "Kawo in gyara."

"Usta, takalminka ba shi da laifi. Ban taɓa sa irinsa ba."

"To me ya sa kake gasa ƙafarka?"

Ya dubi yatsunsa. Sai ya ce, "A cikin sahu kowa ɗaya ne. Amma a ƙofa, in an fito, kowa ƙasa yake kallo yana neman nasa, yana ganin na wani. Duk unguwa an san koren nan na sadaka ne. A garinmu, Usta, ni nake auna zakka a kai gidajen mutane bayan duhu, don kada a gane. Ba zan iya sunkuyawa a gaban jama'a in ɗauki kore ba."

Kunya ta kama ni, kuma tausayinsa ya kama ni fiye da kunyar.

Ashe ba shi kaɗai ba ne. Cikin makon na fara tarar da takalma a bakin rumfa da safe, an jera su da ladabi, ba a ko taka su ba. Ga shi kuma Sitt Amal ta aiko cewa masu sayenta suna tambayar ina waɗanda aka ba, za ta zo da kanta ta gani da ido, in ta tarar magana ce kawai ta kwashe kayanmu daga kantar shagonta. Tana kwashewa rumfar Kawu ta tafi, ɗinkin matan Umbadda ya tafi.

Na ce wa Nafisa kada ta damu, ai Baffanta tsohon hannu ne. Na sayo baƙin man takalmi na shafe koren tas, ya yi baƙi ƙirin. Na gwada a kan wani mai karo. Da la'asar ya dawo, zafi ya narkar da man, ƙafafunsa baƙi har idon sawu, gindin jallabiyarsa kamar ya ratsa kwata, maɗaurin kuma ya koma korensa yana ƙyalli fiye da da. Ya ce matarsa tana gaishe ni, kuma ta ce in aiko da sabulu.

Nafisa tana zaune ta zabga tagumi tana kallon tulin da aka dawo da shi. Sai ta miƙe zumbur.

"Baffa, mun juya abin ne. Ba koren za mu ɓoye ba. Fatar za mu daina."

"Kamar yaya?"

"Kowa kore. Mai saye kore, wanda aka ba kore. In Sitt Amal ta sa kore a kantar shagonta, manyan kasuwa suka sa kore, wa zai san na wane ne aka biya?"

Na dube ta na ce lallai kuɗin makarantar nan bai faɗi ƙasa banza ba. Amma 'yan Hartum ba a Umbadda suke salla ba. Muna buƙatar babban mutum na nan, wanda in ya sa abu gobe kowa ya sa. Duk muka ambaci suna ɗaya: Alhaji Sidiƙ, dillalin kayan yaji, mai gida mai bene a bakin unguwar, wanda rawaninsa yake riga shi shiga ɗaki, markub ɗinsa kuma na fatar mesa ne. Mutumin da tunda nake bai taɓa kallon rumfata ba.

Na san halinsa, don haka ban kai masa talla ba. Na yi ƙafa guda mai koren maɗauri, ta gani ta faɗa, na goge tafin ya yi sheƙi, na rataye a inda yake wucewa kullum, na sa Nafisa ta rubuta da Larabci cewa an riga an saya. Ya wuce bai kula ba. Washegari ya rage tafiya. Rana ta gaba ya tsaya ya nuna da sanda.

"Ya Usta, wannan fa?"

"A'a, Alhaji, ba naka ba ne. Na mutanen tsallake ne, masu manyan shaguna. Yanzu shi ake yayi, wai don kare muhalli. Kai dai riƙe mesarka, ta fi dacewa da shekarunka."

Na ga jijiyar wuyansa ta motsa. "Shekaruna? Auna ƙafata."

"Wallahi layi ne, Alhaji. Sai dai ka dawo."

Ya dawo na ce tamfol ya ƙare. Ya sake dawowa na ce tayar da ta dace da mutum irinsa ba ta samu ba tukuna. Nafisa tana bayan buhuna tana cizon gyale don kada dariya ta fito, daga baya kuma ta tsare ni wai ina ƙaryar da ta hana. Na ce ai tamfol ɗin da gaske ya ƙare, a wancan ɓangaren rumfar. Ranar da na miƙa masa, Alhaji ya sa a take, ya zagaya layin yaji da layin atamfa yana taku ɗai-ɗai, yana gaya wa kowa cewa da ƙyar ake samu, sai mai hanya. Kafin mako ya zagayo na rasa lokacin cin fatur. Teloli suka zo, mahauta suka zo, ladan ya zo, har da mai sayar da markub ɗin kansa, ya ce kada in gaya wa kowa. Matan Umbadda suna ɗinki har suka kira 'yan'uwansu. Waɗanda suka dawo da nasu kuwa muka sake bi muka mayar musu, ba mu ce komai ba, su ma ba su ce ba.

Sitt Amal ta zaɓi Juma'a ta zo. Nafisa ta tsayar da rakshar da ta ɗauko su a inuwar wata dalbejiya, daidai inda ake hango ƙofar masallaci. Ni ina ciki, amma zuciyata tana waje. Liman yana sallamewa na riga kowa fita.

Jama'a, ƙofa kore shar! Tuli guda, daga bakin tabarma har bakin titi. Kuma a nan ne muka gane abin da babu wanda ya yi tunaninsa a cikinmu: duk iri ɗaya ne. Mutane suka fito suka tsaya cirko-cirko. Wani ya zura ƙafa ya ji ta yi iyo, wani ya tafi da hagu biyu ya dawo yana tafiya kamar agwagwa. Sai wani mai wayo ya kifa nasa ya duba zanen tafin, nan take kowa ya duƙa yana kifawa.

"Wa ya ga tarakta ta dama?"

"Ya zol, wannan lorina ce, sake ta!"

"Ni tawa mai zanen ƙashin kifi ce, jama'a ku taimaka!"

Mahauci da ɗan ɗaukar bulo suna rarrafe kafaɗa da kafaɗa, ladan yana ɗaga takalmi sama yana cigiya da muryar kiran salla. Na waiga wajen raksha na ga Sitt Amal ta kifa kai a kafaɗar Nafisa tana dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. Nafisa ta ɗago mini hannu. Na gane kantarmu ta tsaya, rumfa ta tsira.

Ina juyowa sai na ga Alhaji Sidiƙ da Malam Haruna sun kama takalmi ɗaya, kowa yana ja. Na matsa kusa. Suka kifa shi, Alhaji ya duba ya ga ba zanensa ba ne, ya saki.

"Naka ne, ya Haj, yi haƙuri," ya ce. Sai ya ƙare wa Malam Haruna kallo, daga tsohuwar jallabiyarsa har ƙasa. "Ashe kai ma ka samu. Ni sai da mutumin nan ya sa na yi ta zarya kamar mai neman aure. Kai sau nawa ka je?"

Malam Haruna ya dube ni, na dubi sama. Ya ajiye takalmin a ƙasa a gaban kowa, ya zura dama, ya zura hagu, bai yi sauri ba.

"Ni ban je ba," ya ce. "Har gida ya zo ya auna ni, har gida ya kawo mini."

Alhaji ya juyo kaina, rawani yana rawa.

"Har gida? Abakar! Ni kana ce mini layi, shi kana kai masa har gida? Wane ne shi a garin nan?"

"Babban mutum ne, Alhaji," na ce.

Alhaji ya bi shi da kallo, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya: "To ya Haj, a riƙa tunawa da mu!"

Malam Haruna ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba. Ya bi tsakiyar titi, inda rana ta fi zafi, yana tafiya a hankali.